Taku Arba'in Bayan Shinge

Shekara tara Orva Kessinger tana jefa sunanta a ƙuri'ar hukumar namun daji ta Wyoming, shekara tara ana aiko mata da "sai baɗi". A ta goma, tana da sittin da tara a duniya, gwiwa ta fara ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, sai ga takardar izinin farauta ta fito. Barewa ɗaya, namiji, a tsaunukan bayan Rafin Gishiri, cikin mako biyu na Oktoba. Ta ɗauki ƙanenta Merle, wanda ba ya iya hawan dutse amma ya iya tuƙi ya iya dafa wake, suka cika a-kori-kura da kaya, suka kafa tanti a inda hanyar mota ta ƙare.

Kwana huɗu tana hawa tun asuba. Barewar can, masu kunnen alfadari, ba a bin su da ƙafa, da ido ake bin su. Mutum ya sami dutse ya jingina, ya kafa tabaron hangen nesa, ya bi gangare tudu-tudu, gindin tazargade ɗaya bayan ɗaya, har abin da ya ɗauka busasshen reshe ne ya motsa ya zama ƙaho. Mata ta gani da 'ya'yansu, ta ga samari biyu masu ƙaho kamar yatsu, ta bar su. Shekarar ta zo da zafi, ko ƙyallin dusar ƙanƙara babu a kan duwatsu, kafin hantsi mutum ya tuɓe riga ta sama.

Rana ta biyar, ƙarfe takwas saura, ta gan shi. Ƙato, wuya kamar na bijimi, fuska ta yi furfura, ƙaho reshe huɗu kowane gefe. Yana kiwo a wani kwari a ƙasar gwamnati, inda kowa ke da ikon shiga. Taku ɗari bayansa ga shingen waya mai ƙaya, daga nan kuma gandun shanu ne. Ta ga shingen. Kada wani ya ce ba ta gani ba. Ta dube shi, ta ce a ranta ai gandun Ostrander ne, ta ɗora bindiga a kan jakarta ta ja numfashi.

Daidai lokacin da ta ja kunama ya yi taku ɗaya. Harsashin da ta nufi ƙirji da shi ya shiga baya da kamar tafin hannu. Ya zabura ya yi tsallen nan nasu, ƙafa huɗu a tare, tsalle bayan tsalle, ya haye shingen kamar babu shi. Can ciki ya tsaya, ya sunkuyar da kai, ya durƙusa, ya kwanta ta gefen hagu. Ta kafa masa tabarau har ƙirjinsa ya daina motsi.

Ta gangaro a hankali, tana dafa duwatsu. Da ta isa shingen sai ta rataye bindigarta a kan turke, ba tare da ta ko yi tunani ba. Haka aka saba tun tana yarinya. Idan dabbarka ta mutu a gandun tsoho Ostrander, ka rataye bindiga a shinge don a san ba farauta ka shigo ba, ka shiga ka feɗe, ka fito da namanka, in ka bi ta ƙofa ka rufe, a hanyar gida ka ajiye masa tsokar baya guda a baranda. Ba takarda, ba roƙo. Ta ɗaga ƙafa za ta taka wayar ƙasa, sai ta ga sabon allo mai hana shiga, da wani ƙaramin akwati ɗaure a turke na gaba, da idonsa na gilashi yana kallonta.

Ta ciro oba-oba daga aljihu.

"Merle. Ya faɗi."

"Kai, Yaya! Ƙato ne?"

"Ƙato ne. Yana cikin gandun Ostrander. Taku arba'in, ina ganin ƙudan da ke idonsa."

Oba-oba ta yi 'yar ƙara. Merle ya ce, "Ostrander shekararsa shida a kabari."

"Ni za ka gaya wa? Ni na dafa abincin makokinsa."

"To kada ki tsallaka. Kin ji ni? Bara Dell Hoxie ya tsallaka don irin wannan, suka nuna hotonsa a kotu. An karɓe bindiga, an hana shi farauta shekara uku. Shekara uku, Yaya. Ki tambayi gwiwarki ko tana da shekara uku na kyauta."

"Minti goma kawai nake so. In farke cikin, in sa itace in buɗe ƙirjin iska ta shiga."

"Minti ɗaya ma ya ishi akwatin nan. Ki sauko mu je mu tambaya kamar mutane."

Ta sauko. Mil biyu a ƙafa zuwa tanti, sannan mil goma sha tara a mota, don hanyar sai ta zagaye tsaunin kafin ta kai gidan gandun. Duk wanda ya taɓa feɗe dabba ya san abin da take lissafawa a cikin motar. Dabbar da ba a buɗe ba, zafin cikinta ba shi da hanyar fita. Ciki ya kumbura, nama ya fara daga jikin ƙashi, daga ƙugu, daga gefen da ke ƙasa. A ranar sanyi kana da yini. A rana irin wannan kana da awa kaɗan.

Azahar ta yi lokacin da suka shiga harabar. Gidan Ostrander an rushe shi, an gina wani dogo da katako da gilashi, na baƙin da ke zuwa daga birane su biya su yi farauta. Mai gandun na yanzu ba wanda ya san fuskarsa sosai, a wani birni yake can bakin teku. Manajansa shi ne Coy Danforth, ɗan garinsu ne, suka same shi yana gyara wa doki kofato. Orva ta yi shekara ashirin da biyu tana dafa abinci a makarantar garin, ta san Coy tun yana zuwa layi da majina har leɓe.

Ya cire hula. "Inna Orva! Yau a gidanmu? Sannu, Baba Merle. Ku shigo ku sha kofi."

"Ba kofi na zo sha ba. Na harbi barewa a ƙasar gwamnati, ya tsallake ya mutu a taku arba'in cikin taku. Ka ce mini in shiga."

Coy ya mayar da hular. Ya dubi dokin, ya dubi takalminsa.

"Inna, ba ni da wannan ikon."

"Wa ke riƙe da makullan?"

"Ni ne. Amma an rubuta mini a takarda, ba wanda zai shiga sai shi ya ce. Kuma Juma'a baƙi za su zo, kwarin nan ne aka ajiye musu."

"Baƙin naka gawa za su harba? Ya mutu, Coy. Ba ƙahonsa nake roƙo ba, nama ne ke dahuwa a rana."

"Idan na buɗe miki yau, gobe mutum ashirin za su zauna a bakin shingen nan suna harbi, kowa ya ce tsallakawa ya yi."

Wannan kam da ƙanshin gaskiya, ita ma ta sani, shi ya sa ya ƙara mata haushi.

"To na ji. Kada in shiga. Kai ka hau dokin nan ka je ka farke masa ciki kawai. Ka bar shi a nan har mai gidan naka ya gama shan iska ya amsa."

"In taɓa dabbar da ba tawa ba, a gaban kyamarar da ni na ɗaura? Inna, gidan da nake ciki nasa ne. Yara uku gare ni."

"Na san yaranka. Na san ubansu lokacin da yake ɓoye burodi a hula ya kai wa ƙannensa, na kau da kai shekara uku."

Wuyan Coy ya yi ja. Merle ya taɓa mata hannu, ya ce, "Yaya, a hankali."

"Zan tura masa saƙo yanzu-yanzu," in ji Coy. "Da ya amsa zan neme ku."

"Saƙo? Ka kira shi!"

"Ba ya son a kira shi a kan ƙananan abubuwa."

Ƙananan abubuwa. Da kunnenta ta ji, Merle ma shaida ne.

Daga harabar suka kira malamar daji ta yankin, Renata Salcido, yarinya ce mai hankali, ba ta fi talatin ba. Tana can mil casa'in a kan wata shari'ar, ta ce ba za ta iso ba sai da safe. Ta ce, "Inna, ko da ina tsaye a gabanki ba ni da ikon ba ki izinin ƙasar wani. Roƙo kawai zan iya taya ki. Amma don Allah kada ki tsallaka, kada ki sa ni in rubuta sunanki."

"Ba ku ba ne kuke kama mutum idan ya bar nama ya ruɓe a daji?"

"Mu ne."

"Kuma ku ne za ku kama ni idan na je in hana shi ruɓewa."

Renata ta ce, "Haka ne, Inna." Ba ta yi ƙoƙarin yi wa maganar ado ba.

Merle ya so ta zauna a tanti ta ci wake ta miƙe ƙafa. Ta ƙi. Ta cika gora da ruwa ta sake hawa mil biyun nan a cikin rana, la'asar ta same ta a bakin shinge. Cikin barewan ya tashi kamar ganga, ƙafar dama ta baya ta ɗaga sama. Hankaki uku sun sauka, ɗaya yana kan fuska.

Ta tara duwatsu a gefenta ta zauna. Duk hankakan da ya sauka ta jefe shi. Hannunta ba na dā ba ne, rabin duwatsun ba sa kaiwa, amma ihunta yana kaiwa. Ta juya ta ce wa akwatin, "Ka ɗauka da kyau. Duwatsuna ne ke shiga, ka kai su kotu."

Da duwatsun suka ƙare, ta zauna tana kallonsa kawai. A nan ne zafin ranta ya juyo kanta. Ta kashe barewa sun fi talatin a rayuwarta, ba ta taɓa barin tsoka ɗaya a daji ba. Shekarun da mijinta ya kwanta da karyayyen baya, da naman barewa ta raini 'ya'ya huɗu, har ƙashi tana tafasawa. Ubanta ne ya koya mata cewa harbi ba shi ne aikin ba, aikin yana farawa ne bayan dabba ta faɗi. Ta ga shingen da safe. Da ta jira ya gangaro ƙasa, ko ta bar shi ya tafi abinsa, da yanzu yana kwance a inuwa yana tuƙa. Ta harba ne da dogaro ga mutumin da ya mutu shekara shida.

Sau ɗaya ta tashi. Ta zare wuƙa, ta ɗora ƙafa a kan wayar ƙasa, wayar ta lanƙwashe ta yi ƙara. Taku arba'in. Ko yanzu ma gefen sama zai tsira, kafaɗa da cinya da tsokar baya. Ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a ƙasar kowa, ɗaya a kan waya, ta daɗe. Sannan ta sauke ƙafar. Ba don tana ganin girman dokar ba ne. Tana son ta sake hawa tsaunin nan baɗi ne, ta sake jingina da dutse ta ga rana ta faɗo a kan gangare. Ta ɗora shekarunta uku a hannu ɗaya, naman dabbar a ɗaya, ta zaɓi nata. Ta faɗa wa barewan haka da baki, don ba ta iya yi wa ko gawa ƙarya ba. Ta ce, "Ka yi haƙuri, tsoho. Ni ma tsoro nake ji, kamar Coy."

Rana ta faɗi, ta sauka. Dare bai yi sanyin kirki ba.

Washegari da hantsi tana bakin shingen, sai ta ji ƙarar mota daga cikin gandun. Ashe akwai hanya a ɓangarensu da ke zuwa har gindin kwarin, minti goma daga gidan gilashin. Coy ne ke tuƙi, Renata a gefensa da rigar aiki. Coy ya sauko ya taka wayar ƙasa, ya ɗaga ta tsakiya.

"Shigo, Inna. Ya amsa."

"Yaushe?"

"Yau da safe ya ga saƙon."

"Me ya ce?"

Coy bai so faɗa ba. Renata ce ta ce, "Nuna mata." Ya miƙo salula. Orva ta ce ita ba ta ganin ƙananan rubutu, a karanta mata. Renata ta karanta: "Haba, ta ɗauka mana. Irin wannan ba sai ka tambaye ni ba."

Orva ta sunkuya ta ratsa tsakanin wayoyin, ƙaya ta kama mata riga, ta fizge.

Warin ya tare su tun kafin su ƙarasa. Dila ya zo da dare ya ɓula shi ta baya. Coy ya tsaya nesa ya sa hannu a hanci.

"Zo nan," in ji Orva. "Riƙe ƙafar nan."

"Inna, ai ya riga ya..."

"Na ce ka riƙe. Ba duka zan yi maka ba. So nake ka gani da idonka."

Ya zo ya riƙe. Ba ta taɓa cikin ba, daga baya ta fara, ta tsaga fata a kan ƙashin baya ta ja ta gefe. Ta yanka cinyar sama har ƙugu, ta sa hanci, ta buɗe masa ya gani: kore-kore a jikin ƙashi, nama ya saki, yana danƙo. Ta ajiye gefe. Suka juya shi, gefen ƙasa ko wuƙa ba ta sa ba. Ta bi shi gaɓa-gaɓa kamar yadda take yi wa lafiyayye, ba gaggawa, kowace tsoka sai ta sansana. Abin da ya tsira shi ne tsokar baya ta gefen sama, da ɗan abin da ke kan kafaɗa. Dabbar da za ta cika firiza har bazara, abin da aka samu bai cika rabin jakar zane ba.

Coy ya saki ƙafar ya je bayan tazargade ya yi amai. Ya dawo yana goge baki, ya ce, "Ƙahon dai lafiyarsa lau, Inna. Irin wannan mutane har..."

"Ƙaho ake ci?"

"Akwai naman sa a gidan, rabin sa guda. In kawo miki yau."

"Ban kashe sa ba."

Renata ta durƙusa kusa da ita. Ta ce, "Inna, na ga kin yi iyakar ƙoƙarinki, zan rubuta haka. Ki dakata, kada ki yanke takardarki tukuna, don da kin yanke ta izininki ya ƙare. Zan yi magana da ofis, wataƙila su bar ki ki nemi wani. Saura kwana takwas."

Orva ta goge wuƙa a wando. Ta ciro takardar daga aljihun ƙirji, ta miƙe ta a kan gwiwa, ta yanke gurbin wata, ta yanke gurbin rana, ranar jiya. Ta karɓi biron Renata ta sa hannu da manyan baƙaƙenta, ta ɗaura takardar a jikin jakar naman.

"Ɗaya aka ce in kashe, na kashe ɗaya. Ba ruwan wani barewan da abin da muka yi wa wannan."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa ƙahon. Sannan ta juya ga Coy.

"Allon nan naku ya ce kada a shiga. Bai ce wa za a kira ba. Ina so a rubuta lamba a jikinsa, lambar mutumin da zai ɗauka, wanda ke da ikon cewa to a minti ɗaya. Kowane allo, a kowane gandu da ke maƙwabtaka da ƙasar gwamnati. Ran Talatar farko ta kowane wata majalisar gunduma na zama, zan je in tsaya. In sun ce ba huruminsu ba ne, su gaya mini hurumin wane ne, in hau mota in je. Kai kuma za ka zo ka faɗi abin da hancinka ya ji."

Coy ya ce, "Sai na tambayi..." Sai ya katse maganar da kansa.

"Tambaye shi. Amma ka kira."

Ya ce a bar shi ya kai ta tanti a mota, zagayen bai fi awa ɗaya ba. Ta ce ta hanyar da ta zo za ta koma. Ta saɓa jakar, ba nauyi, ta dubi Renata da ta buɗe littafi a kan gwiwa.

"'Yar nan, ni rubutuna ba ya karantuwa, ke za ki rubuta mini, ki ba ni kwafi in riƙe a hannu ranar. Lokacin da na isa gidan, lokacin da na kira ki, lokacin da aka tura saƙo, lokacin da aka ɗaga waya. Kada ki bar ko ɗaya."

"To, Inna. Ƙarfe nawa kika harba?"

"Takwas saura. Ki fara da cewa taku ɗari ne tsakaninsa da shinge, kuma na gani, na harba. Wannan laifin nawa ne, ki sa shi a sama. Sauran ki jera su a ƙasa, kowa da sunansa."